Ƙwallon da Aka Ci Sau Biyu a Lyon

Cikin duk ranakun da na yi da kamara a wuya, akwai wadda ba na jin za ta taɓa fita daga raina: wata Asabar ta watan Mayu, a wani filin ƙwallon ɗalibai da ke gefen birnin Lyon. Yaran ƙungiyarmu ta masu hoto sun sha tambayata yadda aka yi mai hoton shago daga Damagaram ya ƙare a bakin filayen wasa na Faransa. Nakan ba su labarin guntu-guntu a wurin shayi. Yau na ce bari in zauna in rubuta shi a jere, tun da sauran ƙarfin ido.

Na fara ɗaukar hoto ina saurayi, a shagon wani kawuna kusa da babbar kasuwa. Daga nan sana'ar ta yi ta yawo da ni: Kano, Njamena, Duwala, sai Jidda inda na daɗe ina ɗaukar alhazai. A hanya na tsinci Larabci da Faransanci da ɗan Ingilishi, ban da Barbarci da Fillancin da na taso ina ji. Amma ko'ina na je aikin iri ɗaya ne. Mutum ya shigo, in zaunar da shi, in gyara masa wuyan riga, in ɗaga masa haɓa, in ce kada ya motsa. Wanda ba shi da agogo mu ara masa na shago. A Kano muna da wani babur da bai taɓa tashi ba, amma samarin unguwa kaf sun hau shi a hoto. A Jidda labulen bayanmu zanen masallaci ne. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya. Mai ɗauka ya sani, wanda aka ɗauka ya sani, wanda aka aika wa a gida ma ya sani.

A farkon shekarun dubu biyu na zo Faransa. Muka zauna a Sevran ni da iyalina, ina aiki a wani ɗakin wanke fim a Montreuil, duk a kewayen Paris. Aikin ya yi mini, don duhun ɗakin da warin maganin wanki duk ɗaya ne da na shagon kawu. Sai ga kamarorin zamani sun zo, masu kati maimakon fim. Masu kawo mana aiki suka yi ta raguwa, har ranar da mai wurin ya tara mu ya ce zai rufe. A lokacin na haura hamsin da biyar. Ƙanin matata ya samo mini aikin gadi a ƙofar wani babban kanti, har an auna mini rigar. Ba na raina gadi, mutanen kirki da yawa da shi suka ciyar da gida. Amma ni tun ina da ƙuruciya ban san wani abu ba sai hoto, kuma na san in na ajiye kamara a wannan shekarun, na ajiye ke nan.

Cikin masu kawo mana wanki akwai wata mata, Madam Odil, mai ƙaramin kamfanin hotunan wasanni a Paris. Doguwa ce, siririya, maganarta gajera kamar ta ɗan sanda. Ta ce ta daɗe tana lura da yadda nake fitar da hasken hotunanta, ta san ina da ido. Ta ce za ta gwada ni wata uku. In na iya, in zauna. In ban iya ba, mu rabu lafiya.

Bari in bayyana yadda irin wannan kamfani yake, saboda wanda bai sani ba. Jaridu ba sa iya tura mai hoto kowane fili, sai su saya a wurin irin su Madam. A ƙarƙashinta akwai manyan masu hoto biyu masu albashi, su ke zuwa manyan wasanni. Ƙasa da su akwai waɗanda ake biya gwargwadon hoton da aka saya. Can ƙasa kuma sai ɗan koyo, mai ɗaukar jaka. Wato ni, da furfurata, bayan wasu samari da ba su kai ɗan farina ba.

A filin tseren motoci ta fara koya mini, wani da ke kudu da Paris. Tsarin wurin shi ne, da safe ka je ofishi a ba ka 'yar falmaran mai lamba, wadda ita ce izininka na tsayawa bakin hanya. Sai babban masu tuta, wato masu ɗaga wa direbobi tutar gargaɗi, ya tara ku ya nuna inda aka yarda ku tsaya da inda aka hana. Doka ta farko, kada ka taɓa ba mota baya. Sannan ka toshe kunne, don ƙarar tana shiga har haƙori.

Ranar farko na cika kati da hoton kwalta. Wani hoton babu mota sam, wani kuma wutsiyarta ce kawai tana fita. Madam ta duba a bayan kamara ta ce, “Lawali, kai jira kake motar ta zauna ka gyara mata wuyan riga. Ba za ta zauna ba.”

Abin da ake so shi ne ka bi motar da kamara, ka juya daga ƙugu daidai da gudunta, ka danna kana cikin juyawa, kuma kada ka tsaya bayan ka danna. In ka dace, motar za ta fito tas, itatuwa da 'yan kallo na bayanta su zama zane-zane kamar an ja su da tsintsiya, mai kallo ya ji gudun a jikinsa. Ni kuwa duk rayuwata an hore ni da cewa motsin hannu shi ne babban laifin mai hoto. Kawu har carbi yake ɗora mini a wuyan hannu, in ya motsa in sha faɗa. Sai da na yi makonni ina tsayawa a gadar da ke kan babbar hanya kusa da gidanmu, ina bin motocin mutane da kamara, kafin ƙuguna ya yarda.

Ina kewar waɗannan ranakun. Warin taya da ta ƙone, raɓar safiya a ciyawa, tsofaffin masu tuta waɗanda ba a biyansu ko sisi, son abin kawai ke kawo su. Suna gasa naman da ba na ci, ni kuma in buɗe ƙilishina da butar shayi, har suka saba, in sun hango ni su fara neman kofi. A wata na biyu aka sayi hotona na farko, wata shuɗiyar mota a kan kwana. Na kai jaridar gida, matata ta duba ta ce, “To ina direban? Ko fuskarsa ba a gani.”

Da wata na uku ya zo ƙarshe, Madam ta kira ni ofis. Ta ce akwai wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa tsakanin ɗaliban jami'o'i a Lyon, manyan masu hotonta duk suna wani wuri, ni zan je, ni kaɗai. Wata jaridar yankin da wata mujallar ɗalibai suna jira. Ta ce, “Abu uku nake so. Cin ƙwallo, ɗaga kofi, da fuskar waɗanda aka ci. Amma na farkon shi ne aikin. Ranar Litinin mu zauna mu yi maganar zamanka.”

Na hau jirgin ƙasa da sassafe. Filin ba babba ba ne, irin na ɗalibai, wanda ƙarfe ɗaya kawai ya raba 'yan kallo da ciyawa. Na tarar da wani mai hoto ɗan garin, Bernar, mai tumbi da furfurar gashin baki, yana yi wa wani kamfanin daban aiki, wato abokin takararmu. Na gaishe shi, ya amsa da haɓa. Na zauna a kan 'yar kujerata bayan layin raga, gefen da 'yan Lyon ke kai hari, shi kuma yana ɗaya gefen ragar.

Ƙwallo ya bambanta da tsere. Mota ka san ta inda za ta ɓullo, gudunta ne wahalar. Ƙwallo kuwa ba ka san inda zai nufa ba, sai dai ka karanta jikin yaran. Aka tafi hutu ba wanda ya ci. Aka dawo, wasa ya yi nisa, har yanzu shiru. Na samu hotuna masu kyau na tsalle da faɗuwa, hankalina ya fara kwanciya.

Sai na ji sallama a bayana, da Hausa.

“Salamu alaikum. Wannan hular ai ba ɗinkin Faransa ba ce.”

Na waiwaya. Wani dattijo ne ya jingina da ƙarfen, farin gemu, babbar riga a kan rigar sanyi, da sanda a hannu. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya riga ya miƙo hannu. Ku da kuka san gida kun san ba a amsa wa irin wannan mutum a zaune. Na miƙe, na saki kamara ta rataya a wuya, na ba shi hannu biyu.

“Wa alaikumus salam, Alhaji. Barka da rana.”

“Barka kadai. Mutumin ina ne?”

“Damagaram, Alhaji. Lawali sunana.”

“Allah sarki, Damagaram. Ni Hamadu, daga Marwa, amma na tsufa a garin nan ina sayar da yadi. Ina gajiya?”

“Ba gajiya.”

“Yaya iyali?”

“Lafiya lau, alhamdu lillahi.”

“Yaya baƙunta? Yaya sanyin mutanen nan?”

“Da godiya, Alhaji.”

Duk wannan bai saki hannuna ba, ya ma ɗora na hagunsa a kai. Ina jin hayaniyar filin tana ƙaruwa a bayana, ina so in juya, amma ta ina? Na yi kuskuren ce masa ina jin Fillanci. Fuskarsa ta washe, ya juya harshe, muka sake gaisuwar tun daga farko. Yana cikin tambayata lafiyar yara sai filin ya ɗauka da ihu gaba ɗaya.

Na juya. Ƙwallo na cikin raga. Golan baƙi yana kwance, yaran Lyon sun taru sun danne wani a ƙasa. Na ɗaga kamara na yi ta dannawa, amma abin da aka aiko ni in ɗauka ya wuce.

Alhaji Hamadu ya ce, “Wa ya ci?”

Wata yarinya a gefensa ta ce da Faransanci, “Yusufa ne. Mai lamba tara.”

Dattijon ya dubi inda yaran suka taru. Sannan ya ce a hankali, “Ɗana ne. Autana.”

Daga baya na ji sauran labarin. Shekara da shekaru yana hana yaron ƙwallo, yana cewa karatun haɗa magunguna aka tura shi, ba guje-guje da gajeren wando ba. Ranar ce ta farko da ya yarda ya zo kallo, bayan uwar yaron ta sa baki. Kuma shi ma bai gani ba, yana gaishe ni.

Haka aka tashi, ɗaya da nema. Na ɗauki kofi, na ɗauki yaran da aka ci suna zaune a ciyawa. Amma hoton cin ƙwallon babu shi. Ina ganin rigar gadin nan a idona.

Mutane sun fara watsewa sai ga Alhaji ya ratso fili da sandarsa, yana riƙe da hannun Yusufa, wani dogon yaro mai kunya. Ya ce, “Malam Lawali, ni na jawo maka, na sani. Amma duba. Yaron ga shi. Ƙwallon ga shi. Ragar ma ba a kwance ba. Me zai hana a sake?”

Gaskiya ban ga abin da zai hana ba. A wurina wannan shi ne aikin da na sani: abu ya faru, a shirya shi da kyau, a ɗauka. Ba wanda zai ce Yusufa bai ci ba. Abin da ya rage shi ne gola. Yusufa ya ce, “Baba, ba a yin haka. Yanzu aka ci shi, ka ce ya zo a sake cinsa?” Alhaji ya ce, “Kai dai nuna mini shi.”

Golan wani ɗan arewacin Faransa ne mai karatun lauya, Matiyu. Alhaji ya je ya same shi yana cire safar hannu, ya gaishe shi da Faransancinsa na kasuwa, ya yaba masa, ya ce shi tsoho ne, bai san ko zai sake ganin irin wannan rana ba. Yaron ya dube shi, ya dubi Yusufa, sai dariya ta kama shi. Ya ce, “Na yarda, amma da sharaɗi. Ɗazu santsi ya kwashe ni na faɗi kamar buhu. Wannan karon zan yi tsalle na gaske. Ni ma ina da uwa.”

Nan fa na koma gidana. Na juya su yadda rana za ta haska fuskar Yusufa. Na jawo yara huɗu daga ɓangarorin biyu na tsayar da su a baya, na tara sauran 'yan kallo a kusurwar da za ta fito a hoto. Na ce wa Yusufa ya sa rigarsa cikin wando. Aka jefo masa ƙwallo ya buga tun bai sauka ba, Matiyu ya tashi sama kamar kifi. Muka maimaita har ya yi daidai. Alhaji na gefe yana cewa, “Madalla. A ƙara ɗaya.” Yaran da ɗazu suke kuka har da tafi.

Bernar yana zaune a kan akwatinsa yana kallonmu. Da na wuce ta gabansa ya ce, “Ka taɓa aikin sinima ne?” Na ce a'a. Ya ce, “Ka yi asara.” Na ɗauka yabo ne.

A ɗan ɗakin da aka ware wa 'yan jarida, na zuba hotunan a kwamfuta, na rubuta bayanin kowanne a ƙasansa kamar yadda aka koya mini, na aika Paris. Hoton cin ƙwallon ya yi kyau ƙwarai. Ƙafar Yusufa a sama, yatsun Matiyu saura kaɗan su taɓa, ƙwallo na shiga kusurwa. Ban jira Madam ta kira ba, ni na kira ta, don ina so ta san dabarar da na yi.

Ta ce, “Lawali, wannan hoto ne. Ina ka tsaya ka same shi?”

Na ce, “Ai na farkon ya wuce ni, Madam. Amma na gyara. Na sa sun sake bayan an tashi.”

Sai ta maimaita maganata.

“Sun sake.”

“E, har golan ya yarda. Yaron kirki.”

“Ka rubuta a ƙasa cewa wannan ne ƙwallon da aka ci kofi da shi.”

“Ai shi ya ci, Madam.”

“Haka ya ci? Haka golan ya yi tsalle?”

Na ce a'a, santsi ya kwashe shi.

Ta ce, “To ka saurara. Jarida ba ta sayen hoto a wurina don yana da kyau. Tana saye ne don in na ce abu ya faru, ya faru. Mutanen da ke filin sun ga yaron ya zame. Gobe su buɗe jarida su gan shi a sama. Ɗaya daga cikinsu ya buga waya, shi ke nan, ba kai kaɗai ba, duk wanda ke aiki a nan ya rasa abinci. Na cire shi. Kana da wani?”

Na ce ba ni da shi. Ta ce za ta kira jaridar ta ba su haƙuri, ta ajiye waya.

Bernar yana teburin gefe, ya ji komai, don muryar Madam ba ta buƙatar lasifika. Ya ci gaba da aikinsa kamar ba ya wurin. Da ya gama aika nasa, ya zaro katinsa ya turo mini a kan tebur. Ya ce, “Na farkon nawa ne, na riga na aika. Ɗauki na bayansa. Ka ce mata daga Bernar, ta san yadda ake rubuta sunan mai hoto a ƙasa.”

Na ce, “Amma ai mu abokan takararku ne.”

Ya ce, “Ba wanda bai taɓa rasa ƙwallo ba. Ni na rasa nawa ina canza fim. Wani ya rasa yana bayan gida. Kai ne dai na farko da na ga ya rasa yana gaisuwa. Yi sauri, ana jirana a gida.”

Ashe al'ada ce a tsakaninsu. Suna ture juna da kafaɗa a bakin layi, amma in ɗaya ya dawo hannu wofi, wani zai ba shi na biyunsa, ba a kuma sake tayar da maganar. Na buɗe hoton. Ƙafafu ne a cakuɗe, Yusufa ya ba da baya, ƙwallon ya bugi ƙaurinsa ne kawai ya gangara, Matiyu na ƙasa baki buɗe. A shagon kawu da na miƙa wa mutum irin wannan, sai ya jefe ni da shi. Shi aka buga washegari.

Ranar Litinin na je ofis da shirin sallama. Na ce wa matata ta gaya wa ƙaninta kada a ba wani rigar. Madam ta sa hoton da na shirya a babban allo, ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Ban samu wanda ya kai shi kyau ba a bana, kuma ba zan iya sayar da shi ba. Abin da nake so in gane shi ne, me ya hana ka janye hannunka?”

Na yi mata bayani iyakar iyawata. Na ce a wurinmu in babba ya riƙe hannunka, shi ke saki. In ka fizge, ba shi kaɗai ka wulaƙanta ba, ka nuna ba ka da wanda ya rene ka. Na ce na zauna da Larabawa, su ma suna da doguwar gaisuwa, amma suna iya yinta suna tafiya. Faransawa kalma ɗaya ce, an wuce. Tamu sai an tsaya, sai an bi gida ɗaki-ɗaki.

Ta ce, “Tana ɗaukar lokaci nawa?”

Na ce, “Ya danganta da yawan iyalin mutum. Da kuma yawan harsunan da kuka haɗa.”

Ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta na rawa. Ban taɓa ganin ta yi dariya ba sai ranar. Da ta natsu ta ce, “Da ka ɓoye mini, da yanzu kana waje. Kai ka kira ni da bakinka kana murna, wato ba ka san laifi ba ne. Yanzu ka sani. Ga yadda za mu yi. Duk wasan da na tura ka, ka hau jirgin da ya riga na kowa. Ka zagaya filin, ka nemo duk wani tsoho mai hula, ka gaishe shi har ya gaji. In an busa usur, ba ka da uba a filin nan. Ka yarda?”

Na ce na yarda. Ta ce in shirya, ni zan je tseren Lahadi.

Hoton kuwa ta ce in kai wa uban yaron, amma in rubuta a bayansa abin da yake. Na wanke shi babba, na rubuta da Hausa da Faransanci cewa an sake shirya wannan ne bayan an tashi wasa. Alhaji Hamadu ya karanta, ya ce madalla, gaskiya ce. Ya sa shi a gilashi ya rataya a shagonsa, rubutun na kallon bango. Duk wanda ya shigo sayen yadi sai ya ga yadda autansa ya ci kofi. Na aika wa Matiyu nasa, saboda uwarsa.

Na yi shekaru a kamfanin har gwiwoyina suka ce ya isa. Dokar Madam ban taɓa karya ta ba. A Lyon, a Stains kusa da Paris, a duk filin da akwai mutanenmu, an san ni da zagayen gaisuwa kafin wasa, har dattawan suka gane, in sun ga na zauna a kujerata sai su ɗaga mini hannu daga nesa su bar ni. Alhaji Hamadu da kansa ya zama mai tsare mini baya. Na taɓa jinsa yana ce wa wani baƙo, “Bari sai an je hutu. Mutumin nan in ka gaishe shi yanzu, sai an sake wasan.” Allah ya jiƙansa, ya rasu kafin in bar aiki. Bernar ma na ji ya koma ƙauyensu. Kamfanin kansa babu shi yanzu.

Abin da ranar ta koya mini, ku yara masu tasowa, shi ne sana'armu gida biyu ce, ko da yake kamarar ɗaya ce. Akwai hoton da mutum ke zuwa ka yi masa don a tuna da shi yadda yake so, wannan ka gyara shi iyakar gyarawa, ba laifi. Akwai kuma wanda ake aikenka ka zama idon waɗanda ba su zo ba, wannan ko ya yi muni ba ka da ikon taɓa shi. Na iya na farkon tun ina saurayi, na biyun sai da na yi furfura. Kafin ka danna, ka san a wane gida kake tsaye. In kuma abin ya wuce ka, ka faɗa da bakinka, ka dubi na kusa da kai. Masu wannan aiki ba su cika fara'a ba, amma ban taɓa ganin sun bar ɗan'uwansu ya koma hannu wofi ba.